Mahaifin da ya yi watsi da 'ya'yansa suna ƙanana: me yake binsu yau?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mun tashi cikin tsananin talauci. Mahaifinmu ɗan shaye-shaye ne kuma ɗan caca. Ya saki mahaifiyarmu tun muna ƙanana, bai ƙara aiko mana da ko ƙwayar hatsi ba. Ita ma da ta yi wani auren sai ta bar mu wurin kakarmu, muka girma da talla da dako. Yanzu Allah ya buɗa mini, ina da iyali. Ya dawo, kullum kuɗi yake nema. In na ba shi ya kai wurin shaye-shaye, in na hana ya ce zai tsine mini. Mu huɗu ne, maza uku da mace ɗaya. Shin wajibi ne mu ciyar da shi? Kuma ina da zunubi kan ƙin ganinsa da nake ji a raina?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya sanyaya maka zuciya. In al'amarin kamar yadda ka faɗa yake, abin da mahaifinku ya yi muku zalunci ne, kuma bai kamata wani ya rufe maka baki da cewa "ai uba ne" ba. Ciyar da yaro da tufatar da shi a wuyan uba Allah ya ɗora, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta nuna, kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke kansa. Za a tambaye shi a kanku.

Sai dai laifinsa bai goge hakkinsa ba. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa kyautata wa iyaye farilla ne ko da fasiƙai ne, ko da mushirikai ne: a gaya musu magana mai laushi, a zauna da su da alheri, kada a bi su a saɓon Allah. Asalin wannan yana aya ta 15 a Suratu Luƙman, inda aka yi maganar iyayen da ke tilasta wa ɗansu shirka, aka ce kada ka bi su, amma ka abokance su a duniya da abin da aka sani na alheri. Giya da caca ba su kai shirka muni ba. Bukhari kuma ya ruwaito cewa mai sada zumunta ba shi ne mai ramawa ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sada.

Ciyarwa tana wajaba a kanku a mazhabar Malikiyya da sharuɗɗa. Ya zama talaka ne wanda ba shi da abin da zai ishe shi, kuma ya gaza neman na kansa. In da ƙarfinsa, yana da sana'ar da za ta riƙe shi, lalaci ne kawai ya zaunar da shi, to maganar da aka dogara da ita a mazhaba ita ce ciyarwar ba ta zama wajibi ba, abin da ka ba shi kyautatawa ce. Sannan ya zama kana da rara bayan abincinka da na matarka da 'ya'yanka, domin hadisin Jabir a Muslim ya jera su haka: ka fara da kanka, sai iyalinka, sai danginka. Ba a ce ka ci bashi don shi ba, ba a ce ka cire ɗanka daga makaranta ba.

Nauyin kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Ana raba shi tsakanin 'ya'ya gwargwadon wadatarsu, har da macen in tana da dukiyarta. Misali, in buƙatarsa a wata naira 60,000 ce, ku uku ne masu hali, wadatarku kuma kashi uku ce da biyu da ɗaya, to wanda ya fi wadata ya ba da 30,000, na biyu 20,000, na uku 10,000. Wanda ba shi da shi ba a ɗora masa komai. Ku zauna ku yanke wannan a gaban wani dattijo na dangi, don yawan rigimar 'yan'uwa kan iyaye daga rashin ƙayyadewa take farawa: mutum ɗaya ya ɗauki komai har ya gaji, sai ya yar gaba ɗaya. Kada kuma ka lissafa wannan a zakkarka, ba a ba da zakka ga wanda ciyarwarsa ta wajaba a kanka.

Abin da shari'a ta wajabta shi ne abinci da tufafi da wurin kwana, ba tsabar kuɗi ba. Tunda ka tabbatar inda kuɗin ke zuwa, miƙa masa su a hannu taimako ne a kan saɓo, aya ta 2 a Suratul Ma'ida kuwa ta hana. Kuɗin haya ka kai wa mai gida da kanka. Magani ka biya a asibiti ko kemis. Hatsi kada ka sauke masa buhu, zai sayar. A riƙa auna masa na mako, ko ka biya wata amintacciya ta dafa masa kullum, ko ka yi magana da mai shago kan abin da zai ba shi da iyakarsa. In ya kafa hujja da hadisin "kai da dukiyarka na mahaifinka ne", jumhurun malamai sun ɗauke shi a kan buƙata, bai mallaka masa dukiyarka ya kai gidan caca ba.

Ku nema masa magani in zai yarda. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Wanda ya daɗe yana shan giya, yanke masa ita dare ɗaya ba tare da likita ba na iya jawo masa jijjiga da ruɗewa har ya halaka. Ku guji gidajen mari. Azabtar da mutane da aka bankaɗo a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019 ya isa darasi.

Tsinuwa kuwa, gaskiya ne addu'ar mahaifi a kan ɗansa abar tsoro ce. Amma Muslim ya ruwaito cewa ana amsa wa bawa matuƙar bai yi addu'ar zunubi ko yanke zumunta ba. Wanda ya tsine maka don ka hana shi kuɗin giya alhali kana ciyar da shi, ya yi addu'ar zalunci, Allah kuma ba ya zalunci. Kada ka rama, kada ka ɗaga murya. Ka ce "Allah ya huci zuciyarka, Baba", ka tashi. Annabi Ibrahim, da mahaifinsa ya yi masa barazanar jifa, "aminci ya tabbata a gare ka" ya ce masa, sannan ya nisance shi, kamar yadda ya zo a Suratu Maryam. Don haka ba dole ba ne ka zaunar da shi a gidanka in zai zagi matarka ko ya yi maye a gaban yara. Ka ware lokacin gaishe shi, da safe ya fi, lokacin da yake cikin hayyacinsa, ka gajarta zama.

Ƙin da kake ji a zuciya ba a kama ka da shi, muddin bai fito a harshe ko a aiki ba. An umarce ka da kyautatawa, ba a kallafa maka son da ba ka da iko a kansa ba. Yafiya ita ce ta fi, ina kuma kwaɗaitar da kai ita, amma ba na cewa ka yi ta yau da ƙarfin tsiya. Abincin da ya hana ku a baya ba bashi ba ne da za ka bi shi yanzu, domin ciyarwar dangi tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai in alƙali ya yanke ta tun a lokacin, ko wani ya ciyar da ku da niyyar a biya shi.

Mahaifiyarka ina ganin ka ɗora mata fiye da laifinta. A Malikiyya ciyar da ku ba ya kanta tun farko, kuma idan uwa ta auri wani bare riƙon yara yakan koma wurin kaka ta wajen uwa. In kakar da ta riƙe ku mahaifiyarta ce, to ba ta kauce wa tsarin ba, ko da ta gaza wajen leƙo ku. Ka je ka ji daga bakinta abin da ta gani a gidan nan kafin ka yanke mata hukunci. Hakkinta yana gaba da nasa, in kuma rararka ba za ta ishe su duka ba, ita za ka fara dubawa. Kakar ma, in tana raye, kada hayaniyar mahaifinka ta sa ka manta da ita.

Wallahu a'alam.