Ajiye buhun yuriyar nan, waken soya ba masara ba ne

Kana tambayata ko za ka watsa wa waken soyar nan yuriya, tunda ganyensa ya ɗan yi rawaya sati biyu bayan shuka. Ɗana, ka fama min tsohon miki.

Wata shekara na karɓi hayar gona a gefen Saminaka. Sa guda na sayar cikin shanun huɗata don in shige ta da ƙarfi. Na je shagon wani mai taki neman sufa, takin nan mai fosfaros, ya ce ta ƙare. Ya jawo buhun yuriya yana nuna min lamba 46 a jiki, wai ita sufa ko 20 ba ta kai ba, taki ai taki ne, in ɗauki mai ƙarfi. Sai bayan kaka na ji labarin cewa sufar tana jibge a sitonsa, ɓoye ta ya yi yana jiran ta yi tsada. Yuriyar ce ta daɗe har ta fara dunƙulewa, yake neman wanda zai sauke wa.

Gona ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi. Masu wucewa suna tsayar da babur suna cewa ma sha Allah. Wake ya kai min ƙugu, ruwan Agusta da iska suka zo suka kwantar da shi. Ranar casa ga kara da ganye tuli guda, kwanso kuwa ƙalilan. Na haƙo tushe ɗaya, na haƙo na biyu, saiwar sumul kamar an goge ta. Maƙwabcina da bai sa komai ba sai sufa, wakensa gajere ba kyan gani, ya ninka ni buhu. Na biya haya da kuɗin masara, san da na sayar kuma bai dawo ba sai bayan damina uku. Mai takin nan, mutumin da muka yi sallah sahu ɗaya da shi! Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ko kwabona bai ƙara ci ba.

To saurara da kyau, sau ɗaya zan faɗa. Wake, gyaɗa, gujiya da waken soya Allah ya haɗa su da masu yi musu aiki a ƙarƙashin ƙasa, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, malaman gona suna ce musu rizobiyam. Suna shiga saiwa su yi ƙululu, su zauna ciki. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, abin da kake saya a buhun yuriya ke nan. Su suke kamo shi su miƙa wa shuka, ita kuma tana ciyar da su. Ka zuba mata yuriya da yawa, ta samu a ɓagas, sai ta ƙi saukar baƙin. Abin da suke so shi ne fosfaros ɗin da ke cikin sufa, tun ranar shuka. A gyaɗa ma sufar tana rage holoƙo. In ƙasa ta mutu murus, ɗan takin kamfa (NPK) kaɗan a farko ba laifi, amma kaɗan na ce.

Rawayar da ta firgita ka, abincin cikin ƙwayar iri ne ya ƙare, ƙululun kuma ba su kama aiki sosai ba. Ƙara masa mako ɗaya ko biyu. Sannan ka haƙo tushe da fartanya, kar ka fizge, ƙululun za su zube a ƙasa. Wanke saiwar, ka tsaga ƙululu ɗaya da farce. In cikinsa ja ne kamar tsokar nama, aiki ake yi. Fari bai fara ba tukuna. Kore ko baƙi ya gama nasa.

Wake da gyaɗa sukan tarar da abokansu a ƙasarmu. Waken soya baƙo ne, asalinsa daga Sin, shi ya sa muke cakuɗa irin da baƙin garin nan Nodumax da cibiyar binciken noma ta IITA ke yi a Ibadan. Garin nan rai gare shi, rizobiyam ne a ciki. Ku yaran yanzu sai ku ɗora shi kan tankin babur, ku tsaya majalisa kuna latsa waya har la'asar, rana ta dafa shi, ku dawo kuna cewa maganin banza ne. A inuwa ake jiƙa iri da ruwan ƙaro a cakuɗa, a inuwa zai sha iska, a ranar kuma zai shiga ƙasa.

Maganar tazara da zurfin rami ba zan ɓata bakina ba, wanda ya yi damina biyu a bayana bai sani ba sai ya koma tallan rake.

Kai buhun nan gonar masara, ita ke jiransa. Ranar Asabar ta sama ka same ni a kunyar farko da fartanya da bokitin ruwa.