Na cire Facebook daga wayata amma har yanzu ana ganin hotunana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah ki ba ni shawara. Kwanakin baya ƙawata ta turo min hoto, wai wani ya ɗauki hotona na bikin yayata ya buɗe akawun da wani suna daban yana roƙon maza kati. Wallahi ranar ko abinci ban ci ba, na cire Facebook da Instagram da TikTok duka daga wayata amma sai ga shi ana ce min har yanzu ana ganina a can. Ga shi an sa min rana bayan sallah, ba na son dangin miji su ga abin da zai jawo magana. WhatsApp ne kawai ba zan iya bari ba don a nan nake tallan turaren wuta. Ya zan yi? Daga 'yarki a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Abin da kika cire manhaja ce kawai, akawun ɗinki suna nan daram, kamar kin tashi daga gida ne kin bar kayanki a tsakar gida ƙofa a buɗe. Dole ki koma ki shiga, amma kar ki yi saurin gogewa tukuna.

Ki fara da wancan na bogin tun naki yana raye, don ya fi sauƙin nuna cewa ke ce ta gaskiyar. Ki ɗauki hoton shafin da link ɗinsa ki ajiye, sannan ki kai rahoto cewa wani yana sojan gona da hotonki, ki sa ƙawayenki da 'yan gidanku su ma su kai. Kar ki yi masa magana, zagi ko magiya duk ƙara masa kuzari suke.

Sai naki. A cikin saitin akwai inda za ki sauke duk hotunanki da saƙonninki ki adana, ki yi wannan kafin komai, kuma ki duba ko akwai wata manhaja da kika buɗe ta hanyar Facebook ɗin ki canza mata hanyar shiga, in ba haka ba za ki iya rufe kanki a waje. Daga nan za su ba ki zaɓi biyu, dakatarwa ko gogewa. Dakatarwa ɓoye shafin kawai take yi komai yana nan, Messenger ma yana ci gaba da aiki. Gogewa ita ce ta gaske, Facebook da Instagram da TikTok duk suna ba da kwana 30 ko mutum zai canza ra'ayi, kuma a nan ne yawanci ake faɗuwa, sai a ce bari na ɗan leƙa na ga hotunan sunan wance, daga leƙe an soke gogewar an dawo ruwa. Bayan haka Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, sun ce yana iya kai kwana 90 kafin su gama kwashe bayanan. Saƙon da kika tura wa wasu kuwa yana nan a wajensu.

WhatsApp ki riƙe abinki, amma ni da zan so ki raba layin kasuwa da na gida. Na kasuwa ki sa WhatsApp Business, hoton kwalaben turare ya isa, kwastoma ba fuskarki ya zo saya ba. Na gida ki saita hoto da status ya zama waɗanda kika yi sebin lambarsu ne kaɗai ke gani, ki hana a jefa ki guruf ba izini, ki kunna fin ɗin nan mai lamba 6 na tabbaci na biyu. Duk wanda ya kira ya ce za a yi mitin na guruf ko rabon tallafi ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki, ɓarawo ne ko da ya ambaci sunan malaminku na islamiyya. Kuma in kin canza layi kar ki jefar da tsohon haka kawai, kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe a kwance, ki fara cire shi daga banki da imel ɗinki.

Doka kam akwai. A 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan 'yan Najeriya, ta ba ki damar neman kamfani ya goge bayananki, in ya ƙi ki kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, kuma a 2024 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 kan yadda suke sarrafa bayanan mutane. Sai dai gaskiya hoton da ya riga ya sauka a wayar wani ba wanda zai shiga ya ciro miki shi, ko an rufe wannan akawun yana iya buɗe wani gobe. Shi ya sa nake so a cikin satin nan ki nuna wa angon naki shafin bogin da kanki, Umma kuma ta sanar da babarsa ko wata gwaggonsa mai faɗa a ji, tun kafin wani ya riga ku kai labarin da nasa ƙarin gishirin.