Gwajin DNA zai iya kuɓutar da wanda aka yanke wa hukuncin kisa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye a ƙasar Gumel nake rubuto muku. Wata guda ke nan da Babbar Kotu ta yanke wa ƙanena hukuncin rataya, a kan wani mutum da aka tsinci gawarsa a gona bayan rigimar iyaka. Hujjojin uku ne: takardar amsa laifi da ya dangwala wa hannu a wurin 'yan sanda, wadda ya ce sai da aka dake shi, maƙwabcin gona da ya ce ya hango shi da almuru, sai taguwarsa mai jini da laujensa. Shi kuwa ya rantse jinin akuyar da ya yanka ne. Mun ji ana gwajin DNA. Zai fitar da shi? Mu sayar da gona mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Kada a sayar da gonar tukuna, a fara ƙirga kwanaki. Doka ta ba da kwana 90 daga ranar hukunci a ɗaukaka ƙara, kun ci 30. Wanda aka yanke wa kisa ba ya neman iznin kowa kafin ya ɗaukaka, haƙƙinsa ne a sashe na 241 na kundin tsarin mulki, kuma muddin ƙarar tana gaban kotu ba a zartar da hukunci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1986 a kan Nasiru Bello, wanda aka kashe a jihar Oyo a 1981 alhali ba a saurari ƙararsa ba. Kotun ta ce an karya doka. In babu kuɗin lauya, ku je ofishin hukumar ba da lauya kyauta, wadda aka fi sani da Legal Aid, ku nemi a shigar da takarda a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kano a cikin makon nan.

Shi gwajin, tambaya ɗaya tak yake amsawa: wannan jinin, ko yawun, ko maniyyin, daga jikin wa ya fito? Yaushe ya zuba, ta yaya ya zo wurin, wa ya fara ɗaga hannu, duk ba ruwansa. A ɗakin gwaji ana jiƙa ɗan yankin ƙyallen, a fitar da DNA, wato tambarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin mutum, daga fararen ƙwayoyin jini, domin jajayen ba su da shi, sannan a ninninka shi da na'ura a karanta wurare kusan 20 da mutane suke bambanta a kansu. Kowane wuri yana ba da lamba biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗigon jini kamar ƙwayar gero ya isa idan an adana shi da kyau. In lambobin suka saɓa da na mutumin da ake gwadawa da shi, an gama magana, jinin ba na wannan mutumin ba ne. In suka dace, sai a shiga lissafin yiwuwa, sannan lauyoyi su shiga gardamar yadda jinin ya zo. Shi ya sa gwajin ya fi kaifi wajen wanke mutum a kan ɗaure shi.

Haka ma ya fara. Alec Jeffreys ya gano hanyar a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984, kuma da aka fara amfani da ita a binciken kisa a 1986, wanke mutum ta yi: Richard Buckland, yaro ɗan shekara 17, wanda ya riga ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ya kashe wata yarinya. Sai daga baya aka kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork. A Amurka, Kirk Bloodsworth ya sha hukuncin kisa a 1985 bayan shaidu biyar sun nuna shi, DNA ta fitar da shi a 1993. Ƙungiyar Innocence Project, mai fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, ta ƙirga mutum 375 da DNA ta wanke a ƙasar zuwa 2020, 21 daga ciki sun taɓa zaman jiran kisa. Kusan kashi 7 cikin 10 shaidar gani da ido ce ta ɗaure su bisa kuskure, sama da kashi ɗaya cikin huɗu kuma akwai amsa laifin ƙarya a shari'arsu. Ka duba da kyau, Malam, waɗannan biyun suna cikin hujjojin da aka ɗaure ƙanenka da su.

To mu zo kan taguwar. Samun DNA ɗin ƙanenka a jikinta ba ya nufin komai, ai rigarsa ce. Abin nema shi ne jinin na wane ne, kuma matakin farko ma bai kai ga DNA ba: a gano na mutum ne ko na dabba. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa ya canza launi in ya haɗu da jini, amma wannan ba ya bambance jinin akuya da na ɗan Adam. Rukunin jini ma ba ya ɗaure kowa, tunda kusan rabin 'yan Najeriya rukunin O ne. Lauya ya buɗe kundin shari'ar ya ga ko an taɓa kai taguwar ɗakin gwaji, ko kuwa ɗan sanda ne kawai ya tsaya ya ce "mai jini". In ba a gwada ba, wannan kansa dalilin ɗaukaka ƙara ne, domin nauyin tabbatar da laifi ba tare da kokwanto ba yana kan masu gabatar da ƙara, kamar yadda sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora musu.

Idan jinin mutum ne, sai a nemi abin gwadawa daga mamacin, shi kuwa an daɗe da rufe shi. Mafi sauƙi shi ne tufafin da ya mutu da su, in suna cikin kayan shaida. In babu, ana ɗaukar yawun mahaifansa ko 'ya'yansa da tsinke mai auduga a kai, a gwada dangantaka. Tono kabari a ɗauki ƙashin cinya ko haƙorin tauna sai da umarnin hukuma, kuma kai ma ka san yadda gari zai ɗauki wannan. Kafin a kai ko'ina, lauya ya keɓe da ƙanen naka ya tambaye shi tsakani da Allah: ya taɓa gawar? Ya taya ɗauka? Domin in sakamako ya nuna jinin mamaci ne, ku da kanku kun ƙara masa igiya a wuya, sai fa in akwai shaidun da suka ga ya kama gawa tare da jama'a.

Inda abin ya fi lalacewa a karkararmu shi ne ajiya. Ƙa'ida ita ce a shanya ƙyalle mai jini a inuwa ya bushe, a sa shi a ambulan ɗin takarda shi kaɗai, a liƙe, a rubuta rana da sunan wanda ya ɗauka, kuma duk hannun da ya karɓa ya sa hannu. Abin da aka saba gani kuwa: a cusa riga da ɗanshinta a baƙar leda, a ƙulle, a jefa a ɗakin kayan shaida mai rufin kwano, ta sha zafin bazara da laimar damina. Fumfuna da ƙwayoyin cuta suna cinye DNA a cikin leda. Rana tana farfasa shi. Ƙasar gona da rinin baba suna hana na'urar ninkawa yin aiki, sai sakamako ya fito rabi-rabi. Rigar mamaci a saman ta wanda ake tuhuma a buhu ɗaya, jinin wannan ya shafi waccan, gwaji kuma ba zai san a buhu aka yi haɗuwar ba. Gawa ma ana yi mata wanka a rufe kafin la'asar, abin da ke ƙarƙashin farcenta ya bi ruwa.

Laujen ya fi taguwar rauni. Yaron da ya tsinta ya riƙe, ɗan banga ya karɓa, an kai wa mai unguwa, ya miƙa wa dagaci, kafin ya isa caji ofis hannu nawa ke nan? DNA ɗin mutum uku ko huɗu a ƙota ɗaya cakuɗe ne, masana biyu suna iya karanta shi su saɓa. Kuma DNA yana yawo. A Kalifoniya a 2012 an sami na Lukis Anderson a farcen wani attajiri da aka kashe, ya yi kusan wata biyar a tsare da tuhumar da ke iya kai wa ga kisa, alhali a daren yana kwance a asibiti. Ma'aikatan motar asibitin da suka ɗauke shi su ne suka je kan gawar bayan 'yan awoyi. A Jamus 'yan sanda sun yi shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ke bayyana a wurare kusan 40, sai a 2009 aka gano ma'aikaciya ce a masana'antar tsinken audugar da suke ɗaukar samfur da shi.

Akwai kuma matsalar zumunci, wadda ta fi shafar ƙauye. Lissafin "ɗaya cikin biliyan" da ake karantawa a rahoto na mutanen da ba su haɗa jini ba ne. 'Yan uwa ciki ɗaya sun yi tarayya a kusan rabi, auren zumunci kuma yana ƙara kusanta lambobi. In gwajin layin maza aka yi, wanda ake kira na Y, to kai da ƙanenka da baffanninku da 'ya'yansu maza duk kusan abu ɗaya za ku nuna. Gashi marar saiwa kuma yawanci layin uwa yake nunawa. Duk rahoton da aka kawo, a tambaya wane iri ne, kuma wurare nawa aka iya karantawa.

Malamai ma sun yi taka-tsantsan. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta yarda a yi amfani da DNA a bincike, amma ba ta yarda a tsayar da haddi ko ƙisasi a kansa ba, saboda ana tunkuɗe haddi da shubuha.

Kada ku karɓo taguwar da kanku ku kai ɗakin gwaji a Legas, ko da wani ya ce zai fito muku da ita. Da ta bar hannun kotu ba bisa umarni ba, ta tashi daga shaida. Lauya ne zai rubuta wa magatakardan kotu a killace kayan, sannan ya roƙi Kotun Ɗaukaka Ƙara iznin gwaji da shigar da sabuwar hujja. Kotu tana duba abu uku: ba a iya samun hujjar lokacin shari'ar farko ba duk da ƙoƙari, za ta iya sauya hukunci, kuma abin gaskatawa ce. Na farkon ne mai wuya, domin za a tambaya me ya hana a nema tun farko. Masanin da ya yi gwajin kuma sai ya zo ya sha tambayoyi.

A ganinmu, ƙarfin ƙararku ya fi yawa a sauran hujjojin biyu. Mutum 200 aka wanke daga hukuncin kisa a Amurka daga 1973 zuwa 2024, kuma mafi yawansu ba DNA ce ta fitar da su ba. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar amsa laifin da aka samu da azaba, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ƙara jaddada haka. Lauya ya duba: da ƙanenka ya ce an dake shi, an tsaya an yi ƙaramar shari'a a kan takardar kafin a karɓe ta? Da Hausa ya yi magana aka rubuta da Turanci? In haka ne, an kira tafintan ya ba da shaida? Shi kuma maƙwabcin, taku nawa ne tsakaninsu, dawa ta yi tsawo a lokacin ko an girbe, fuska ya gani ko riga, ranar ya faɗi sunan ko sai bayan an yi kame, kuma yana da tasa rigimar iyakar da gidanku? Ku nemi cikakken kwafin shari'ar daga magatakarda, ku kai wa lauyan tare da sunayen waɗanda suka ci naman akuyar nan da wanda ya sayi fatar.