Amsa: Me ya hana Saudiyya ƙera cip ɗinta na AI?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Jidda. Ka ce tun da Masarauta na da kuɗi, me zai hana ta gina masana'antar cip, wato 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura da AI (ƙirƙirarriyar basira) ke aiki da ita, maimakon ta riƙa jiran Nvidia, kamfanin Amurka da ke sayar da ita.

Ita kanta Nvidia zane kawai take yi. Kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera mata. Injin da ke zana layukan da suka fi ƙanƙanta a kan faifan silikon, wato EUV, kamfani ɗaya ne a duniya ke yin sa, ASML na Holan. Sannan akwai ma'ajiyar HBM, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri da ake haɗawa da cip ɗin, wadda kamfanonin SK Hynix da Samsung da Micron ne kaɗai ke samarwa da yawa. Ko ka tara injinan nan duka, wahalar tana wajen rage cip ɗin da ke lalacewa a kowane faifai. Wannan ƙwarewa ce ta injiniyoyi da ake tarawa shekara da shekaru, ba a sayen ta da riyal. Ga kuma buƙatar tataccen ruwa mai yawa, a ƙasar da ke tace ruwan teku.

Sayen ma sai da izini. Tun Oktoban 2023 Amurka ta wajabta lasisi kafin a kawo manyan cip nan, don tsoron kada su zarce Sin. Shi ya sa cip 18,000 da aka sanar kamfanin Humain na Saudiyya zai karɓa daga Nvidia, a Riyad a Mayun 2025, suka jira amincewar Washinton.

A ganina, zanen cip da gina cibiyoyin bayanai, wato gine-ginen da ake tara manyan kwamfutoci masu cin wuta sosai, su ne hanyar da ta dace, domin lantarki na da araha a nan. Yaranmu masu karatun injiniya su maida hankali can.