Tambayi Likita: Zazzaɓin da ke zuwa da la'asar

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana ɗan shekara biyar ya shiga sati na huɗu da zazzaɓi. Da safe lafiya lau yake wasa, da la'asar ta yi sai jiki ya ɗau zafi. Ya sha maganin cizon sauro da na taifot, ba sauƙi. Likitar yara ta ce tana zargin amosanin gaɓɓai, har tana son a ɗebi ɓargonsa a gwada. Gaɓa ko ɗaya ba ta kumbura ba, kakarsa ma cewa take wannan ciwon tsofaffi ne. In yarda?

Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ki yarda. Ban ga yaron ba, amma abin da kika faɗa ya isa a yi wannan zargi. Ki kuma gaya wa kaka cewa akwai na yara, wanda ke taɓa jiki gaba ɗaya. Wani likita a Landan, George Still, shi ya bayyana shi a 1897, shi ya sa ake ce masa cutar Still. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, garkuwar jikin yaron ce ke hura kumburi da kanta.

Ƙa'idojin ƙungiyar ILAR, ta likitocin amosanin gaɓɓai na duniya, waɗanda aka gyara a Edmonton ta Kanada a 2001, sun ce ciwon ya fara kafin shekara 16, a samu kumburin gaɓa, da zazzaɓi na aƙalla sati biyu wanda aka tabbatar yana zuwa kullum har kwana uku. Sai a haɗa da ɗaya cikin waɗannan: jan ƙuraje masu fitowa su ɓace, kaluluwa a sassan jiki, kumburin hanta ko saifa, ko kumburin tantanin da ya lulluɓe zuciya ko huhu.

To ga inda tambayarki take. An tsara waɗannan ƙa'idoji ne don masu bincike su tara yara iri ɗaya, ba don likita ya naɗe hannu yana jiran gwiwa ta kumbura ba. Yara da dama zazzaɓin ne ke riga zuwa, gaɓɓai su biyo baya da makonni ko watanni. Shi ya sa ƙungiyar PRINTO, ta masu binciken amosanin gaɓɓai na yara, a 2019 ta kawo shawarar a iya sa yaro a wannan rukuni ko ba kumburin gaɓa, muddin akwai zazzaɓin da ƙurajen, tare da ƙananan alamu biyu, misali ciwon gaɓɓai na sati biyu da fararen ƙwayoyin jini da suka kai 15,000. Ni dai ina tare da su a nan.

Ƙurajen ne ke ba mu wahala. A fatar Bature a bayyane suke, a tamu sai an lura, kuma zafin na sauka suke ɓacewa, kafin ki isa asibiti da safe babu su. Ki sayi ma'aunin zafi, ki riƙa rubuta lokaci da lamba a takarda. Zafin yakan kai digiri 39 ko fiye, sannan ya sauko daidai. Idan jikin ya yi zafi, ki ɗaga rigarsa a wuri mai haske, ki duba ƙirji da ciki da cinyoyi, ki ɗauki hoto da waya.

Batun ɓargo kuwa, babu gwajin jini guda da ke cewa ga cutar. Sai an kawar da tarin fuka, sikila da sankarar jini, wadda kan zo da irin wannan kama, kuma ita ce ake nema a gwajin ɓargo. Idan aka fara ba yaro prednisolone, maganin rage kumburi, alhali sankara ce, maganin zai rufe ta na ɗan lokaci, ya dagula bincike da magani daga baya. Don Allah kada kowa ya sayo masa shi a kemis.

Idan zazzaɓin ya daina sauka, ko yaro ya yi laushi, ko jini ya fito ta hanci ko dasashi, ku tafi asibiti nan take. Kusan ɗaya cikin goma na masu wannan ciwo kan shiga wani mummunan yanayi da ake kira MAS, inda garkuwar jiki ke wuce gona da iri ta far wa jikin, kuma gwajin feritin (wani sinadari a jini) da na ƙwayoyin jini ne ke saurin nuna shi.