Wasannin Kwamfuta a Aji: Karatu ko Shiririta?

Tambaya: Ni malamar firamare ce. An ba makarantarmu kwamfutoci 10, ɗalibaina kuwa sun kai 50, kuma ba mu da intanet. Wasannin kwamfuta za su taimaka wa karatu, ko shiririta ce kawai?
Wata malama, Zariya

Amsa: Za su taimaka ƙwarai, Malama, muddin kin fara tsai da darasin kafin ki zaɓi wasan.

Ki nemi manhajar kwamfuta mai suna GCompris. Kyauta ce, ta yara 'yan shekara 2 zuwa 10, tana da wasanni fiye da 100 na lissafi, haruffa da kimiyya. Manyan yara kuma a ba su manhajar Scratch ta jami'ar MIT da ke Amurka, su ƙirƙiri nasu wasan. Duka biyun sau ɗaya ake saukewa a inda akwai intanet, a kwafa a filash, a zuba wa kowace kwamfuta. Manhajar wasa ta Minecraft Education na da kyau, amma sai an biya lasisi.

A darasin minti 40, ki yi bayani a allo minti 10, a buga wasa minti 20, sauran kuma kowa ya rubuta abin da ya gano a littafinsa. Wannan kashi na ƙarshe ake yawan tsallakewa, shi ya sa yaro kan ci wasa da canki-canka, a ba shi lissafin a takarda ya kasa.

Kada yara biyar su taru kan kwamfuta ɗaya, mai ƙarfin cikinsu zai riƙe linzamin kwamfutar (mouse) ya hana saura, musamman 'yan mata. Ki raba ajin gida biyu: rabi a kwamfuta, bibbiyu ko uku-uku, suna karɓa-karɓa duk minti 5, rabi suna aikin littafi. Kuma ki tanadi darasin allo saboda ɗaukewar wuta.