Hukuncin rubuta labarin halittun da suka yi hankali a duniyar sihiri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce daga Unguwar Rogo a Jos, ina sakin labari kashi-kashi a WhatsApp. Na ƙago wata duniya mai sihiri, inda wasu halittu masu siffar kuraye suka wayi gari da hankali, har suka fara tambayar wa ya yi su. Wata mai karatu ta ce shirka nake rubutawa. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, ƙagaggen labari halal ne matuƙar mai karatu ya san ƙage ne. Ƙaryar da shari'a ta hana ita ce wadda ake so a gaskata, shi ya sa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ba ta zama zunubi ga mai yin ta ba.

Halitta ta gane Mahaliccinta kuwa yana da tushe a Alƙur'ani. A Suratun Namli tururuwa ta gargaɗi 'yan'uwanta (aya ta 18), alhudahuda kuma ya yi inkarin sujadar mutanen Saba'i ga rana (aya ta 24). Aljanu sun saurari Alƙur'ani suka yi imani, kamar yadda farkon Suratul Jinni ya faɗa. Sai dai ki bambance: dabba tana tasbihi (Isra'i, 44) amma ba a ɗora mata shari'a ba, taklifi, wato ɗora wa bawa nauyin bin shari'a, na mutum ne da aljan. In kurayenki sun yi hankali, to labarin ya ɗora musu hisabin zaɓinsu.

Inda marubuta suke zamewa shi ne tushen farkawar, wato yadda halittun suka samu hankali. Idan wani boka ne ya busa musu rai, kin ba halitta aikin Allah, domin ruhi yana cikin al'amarin Ubangiji (Isra'i, 85). Ki mayar da shi sababi kawai, ko ki cire shi. Sannan ina farkawar ta kai su? In sun ƙare da gano cewa su ne Allah, ko Allah ya shiga jikinsu, ko rai yana tashi daga jiki ya koma wani jikin bayan mutuwa, labarin kuma ya nuna wannan a matsayin gaskiya, wannan hululi ne (shigar Allah jikin halitta) da tanasuhi (komawar rai wani jikin), kuma kafirci ne a aƙida. Ya halatta ki sa shi a bakin ɓatacce, muddin labarin ya fallasa ɓatansa.

Sihirin ma haka. Yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa a hadisin Bukhari da Muslim, aya ta 102 ta Baƙara kuma ta ce yana cutarwa ba ya amfanarwa. Ki ambaci aukuwarsa da mugun ƙarshen mai shi. Amma kada ki zana hatimi, kada ki kwafo surkulle ko kirarin bori na gaske, kada ki jera kayan haɗi da yadda ake yi, don a cikin masu karatunki ba za a rasa yarinyar da za ta gwada ba. Haka nan kada ki sa ayar Alƙur'ani ta zama kalmar tsafi, ko ki ƙago annabi da wahayinsa.

In kin kiyaye waɗannan, ki ci gaba da rubutunki. Babin da kika riga kika saka mai irin wannan matsala, ki gyara shi ki sake turawa da bayani. Wallahu a'alam.